Taki Shida da Azarar Yayana

Shekarun baya, ina bakin rijiyar garinmu ta wajen Bande ina shayar da awakin mahaifiyata, sai wani mai keke ya tsaya a bayana. Ya yi sallama, ya jingine keken, ya tambaya ko ni ne ƙanen maginin nan da ke zaune Mallawa. Na ce ni ne. Ya ce: "Sai haƙuri. Jiya da hantsi aka kai shi makwancinsa." Ciwon haƙarƙari ne, kwana uku kacal. Ina tuna sai da na ƙarasa jawo gugan da ke hannuna, na zuba wa awakin, na naɗe igiya. Ban san dalili ba.

Na tarar da mahaifiyata tana tsince wake a inuwar sabon ginin da ya yi mata. Ta ɗaga kai ta dubi fuskata, ta dubi baƙon da ke bayana. Ba ta bari mun yi magana ba. Ta yi salati, ta ɗora tafin hannunta a jikin bangon, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Sai na yi muku bayanin ginin nan, don a kansa maganar take.

Yayana ya girme ni da shekara goma. Magini ne, ya rufe wa mutane soraye da yawa a wajen Mallawa da Dungas, ga uwarsa tana kwana a ɗakin ciyawa. Abin yana cin ransa. Shekara biyu kafin rasuwarsa, da kaka, ya zo gida ya yi kwana ashirin, ya tayar mata da bango huɗu, ya fitar da ƙofa da taga. Saura rufi. Ya ce ba zai rufe wa Inna ɗaki da itacen da gara za ta ci ba, sai azarar giginya. Ranar da zai koma ya ɗauko igiyar kaba ya ce da ni:

"Ɗan lakwal, riƙe nan."

Haka yake kirana, don na yi shekara biyar a makaranta, shi kuwa ko ƙofarta bai taka ba. Na riƙe, ya ja igiyar daga wannan bango zuwa wancan, ya ƙara kaɗan a kowane gefe, ya ɗaura ƙulli biyu.

Na ce: "Yaya, har yanzu da igiya? Mutane da mitir suke awo."

Ya ce: "Mitir ɗin naka ɗaki nawa ya rufe?"

Wata ɗaya kafin rasuwarsa ya sake leƙo mu. Ya ce azara ta cika, guda ashirin, kowacce daga ƙulli zuwa ƙulli, suna bayan gidansa, sai ya gama wani aiki ya nemi amalanke ya kawo. Ya rataye igiyar a wani tsinken ƙarfe a cikin ɗakin, ya ce ta gama aikinta. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Matarsa 'yar garinmu ce. Ta yi takaba a can, da 'yarsu a goye. Kafin ta fita, mai gidan da suke zaune ya aiko cewa aro ne dama, yana son abinsa kafin ruwa ya sauka. Mahaifiyata ta sayar da akuya biyu cikin huɗun da take da su, ta ƙulle kuɗin a tsumma ta ba ni. Ta ce: "Ka ɗauko ta da yarinyar. Ka ɗauko itatuwan." Ba ta ce gado ba, ba ta ce akwati ba.

A lokacin akwai wata babbar mota da ke zuwa Mallawa ranar kasuwa, ta biyo ta Magaria, ta wuce Damagaram. Ta gefen garinmu take bi. Na je tashar Magaria na sami shofer ɗin yana cin goro a ƙarƙashin motar. Shi ya nuna min yadda ake sayen wuri. Ba a ƙirga kaya, ba a auna nauyi. Tsawon bayan motar ake yankar wa mutum. Faɗin duk naka ne, daga wannan katako zuwa wancan, sama ma taka ce har ƙarshen ƙarafa, amma tsawo iyakar abin da ka biya. Ya hau ya cire takalmi, ya fara daga ƙyauren baya, dunduniya bisa yatsa, yana ƙirgawa da ƙarfi. Ya ce sauran wurin wani Alhaji ɗan kasuwa ne zai kwashe, don haka in faɗi nawa yanzu, kafin ya je wurinsa.

Ni kuwa na zo da shirina. Na san kayan gidan, na rubuta su: gadon ƙarfe, akwati biyu, turmi, tukwane, kwanuka, buhun hatsi uku, kayan gini, azara ashirin. Na zauna a kan wani dutse na ciro takarda da fensir. Tsawo sau faɗi sau bisa, yadda malamin lakwal ya koya mana da sanda a hannu. Azara ba ta da kauri. Na ce in aka haɗa ashirin ɗin wuri ɗaya ba za su wuce cikin buhu biyu ko uku ba. Lissafi ya ba ni taki biyar da wani abu. Na ce a ba ni shida.

Shofer ya ce: "Shida zai ishe ka?"

Na ce: "Har da saura."

"Me da me za ka ɗora?"

Na karanta masa. Da na zo kan azara ya ɗan dube ni, ya tofar da goro. Na miƙa masa takardar in nuna masa lissafin. Ya riƙe ta a juye, ya yi dariya, ya ce: "To, tun da takarda ta faɗa." Ya ɗauki gawayi ya ja zane a katakon dama da na hagu.

Mutumin nan ya yi shekaru yana loda mota. Ya san mene ne azara. Da ya faɗa min kalma ɗaya, da ta isa. Na yi shekara hamsin ina juya wannan kallon da ya yi min.

Ranar kasuwa da la'asar motar ta tsaya ƙofar gidan yayana. An riga an cika gabanta da buhunan garin rogo da Alhajin ya tsallako da su daga Nijeriya, don shekarar hatsi bai yi ba, kowa ya san garin zai yi kuɗi a Damagaram. An jera su reras, samansu ya daidaita kamar daɓe. Daga zanen gawayi zuwa baya, nawa ne.

Maƙwabta suka fito taimako. Gado ya shiga, akwatuna suka shiga, turmi, hatsi, kome. Sannan muka zaga bayan gida. Ban taɓa ganin azarar ba sai ranar. Ya ɗora su bisa duwatsu don kada su taɓa ƙasa, ya lulluɓe da zana. Baƙaƙe ne, masu nauyi, miƙaƙƙu, kowacce da sara uku na gatari a gindinta, alamarsa. Tun da muka ɗaga ta fari na ga tsawonta. Na ajiye, na taka gefenta da ƙafata. Taki goma sha biyu.

Muka cicciɓe ta muka zura. Ta wuce kan kayanmu, ta wuce zanen, rabinta ya kwanta bisa buhunan Alhaji lumui, kamar don ita aka jera su. Wani tsoho maƙwabcin yayana ya ce: "Alhamdu lillahi, ai ga wuri."

Sai aka buɗe ƙofar gaban motar, Alhajin ya sauko yana gyara riga.

"Wannan itacen na wa?"

Na gaishe shi, na ce namu ne, ashirin ne, a sama kawai za su kwanta.

Ya nuna zanen da ƙafarsa. "Ka ga gawayin can? Daga nan zuwa gaba nawa ne, ƙasa da sama."

Tsohon ya ce: "Alhaji, kayan mamaci ne. Na magini."

"Allah ya jiƙansa. Na san shi, shi ya gyara min zaure bara. Amma mamaci bai sayi wurin nan ba, ni na saya. Buhuna za su fashe."

Na koma wurin shofer. Na ce a bar rabinsu ya leƙo ta baya. Ya ce ƙyauren baya sai ya rufu, in jandarma suka ga itace na lilo a bayan mota takardunsa za su karɓe. Na ce a tsayar da su a jingine. Ya ce rassan hanya za su kwashe su, su kwashe mu. Muka gwada a gicciye, faɗin motar taki bakwai ne. Muka gwada daga kusurwa zuwa kusurwa, bai kai ba. Na ce zan ƙara kuɗi. Ya ce: "Wa za ka ƙara wa? Ni na sayar. Shida ka ce, ɗan samari, shida na ba ka. Ga gawayi shaida."

Duk wannan Alhajin na tsaye yana shafa azarar. Ya ƙwanƙwasa ta da zobensa, ya saurara.

"Giginya namiji ce wannan," in ji shi. "Ba a samun irinta yanzu. Tun da ba za su tafi ba, sayar min."

Ya faɗi kuɗin. Ba zan maimaita ba. Bai kai na buhu ɗaya cikin buhunan da ke bayansa ba.

Na ce: "In na sayar maka, ina za ka kai su?"

"Damagaram. Ina da gini can."

"A ina za ka ɗora?"

"A wurina mana."

"Buhunan ba za su fashe ba?"

Mutane suka yi dariya, wasu a ɓoye, wasu a fili. Na ga fuskarsa ta canza. Ya ce: "Buhuna ne. In sun fashe, nawa suka fashe."

Da ban sa an yi masa dariya ba, wataƙila da an shawo kansa. Wannan ma na sani.

Shofer ya gaji. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ciro zarto. "Rana na faɗuwa. Ku raba kowacce biyu, taki shida-shida, su shiga wurinku. Itace dai itace ne."

A nan matar yayana ta yi magana. Tun da na iso gaisuwa kaɗai ta haɗa mu. Da can ita ce mai tsokanata, in na zo sai ta ce ga mijinta na biyu mai hannu kamar na amarya. Ranar tana tsaye bakin ƙofa da goyo, lulluɓe har goshi.

Ta ce: "Kada a sa musu zarto. Shekara biyu yana tara su. In ya yi wa mutum aiki a wajen fadama, sai ya ce a biya shi da itace. Akwai ranar da kunu muka sha muka kwanta, don ya karɓo ɗaya maimakon hatsi. In aka yanka ba za su haye ɗakin Inna ba."

Shofer ya mai da zartonsa.

Tsohon ya ja Alhaji gefe. Sun daɗe, ina jin yana ambaton maraici, yana ambaton lahira. Ya dawo ya kama hannuna, ya yi ƙasa da murya. "Ɗana, ya yarda. Ya ce a ba shi shida ladan wuri, sha huɗu su hau. Karɓi. Sha huɗu sun fi babu. Sauran ka cike a hankali."

Na dubi itatuwan. Na dubi saran gatarin nan uku. Na tuna wai shida daga ciki za su je su rufe wa mutumin nan ɗaki, shi da yake tafiya sayar wa mayunwata garin rogo.

Matar yayana ta matso kusa. Ta ce: "Ɗan lakwal." Tun rasuwar ba wanda ya kira ni da sunan sai ranar. "Sha huɗu za su rufe fiye da rabi. Ka karɓa."

Na ce, yadda kowa zai ji: "Wallahi ko tsinke ɗaya na jikinsu ba zai taɓa ba."

Tsohon ya saki hannuna.

Alhajin ya ce: "Ka yi rantsuwa a kan itace, yaro. Allah ya ba ka mota." Ya hau ya rufe ƙofa.

Ni da kaina na jawo azarar da muka ɗora. Ta kwashe min fatar kafaɗa, tabon na nan. Muka mai da ita kan duwatsun, muka lulluɓe. Na damƙa wa tsohon amanarsu, na ce mako mai zuwa zan dawo da amalanke.

Abin da ya fi ƙona min rai har yau, lissafina daidai ne. Da aka gama jera kaya, wuri ya ragu a cikin taki shidan, daidai na buhu biyu ko uku. Matar yayana ta zauna bisa akwati da yarinya. Ni kuwa a wannan wurin da na ware wa azara a takarda na zauna, tun daga Mallawa har garinmu. A gabana saman buhunan Alhaji a shimfiɗe, babu kome a kai sai tamfal.

Da muka iso mahaifiyata ta karɓi jikarta, ta rungume surukarta, suka yi kukansu. Ana sauke kaya tana bin kowanne da ido. Da motar ta tashi ta ce:

"Ina itatuwan?"

Na ce: "Mota ba ta ɗauka ba, Inna. Sun yi tsawo. Mako mai zuwa zan koma."

Ta juya ta dubi cikin ginin. Daga inda muke ana hango tsinken ƙarfen. Ta ce: "Ba ka tafi da igiyar ba."

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Igiyar tana rataye, taku kaɗan daga inda nake kwana. Da na naɗe ta na sa a aljihu ranar da na je Magaria, na shimfiɗa ta a bayan motar, da ko jaki ya ga amsar. Na bar ta na ɗauki fensir.

Mako mai zuwan bai zo ba. Ruwa ya sauka sau ɗaya, muka yi shuka, ya ɗauke. Masu shanun amalanke suka ce dabbobinsu ba za su iya yashin hanyar Mallawa da kaya ba, ko a tsaye da ƙyar suke. Daga baya ma aka sayar da su, waɗanda ba a sayar ba suka mutu. Akuyoyin Inna biyu da suka rage suka bi hatsi. Ni na tsallaka kudu neman abin da za a ci. Sai da na yi fiye da shekara kafin na sake taka Mallawa.

Na zaga bayan gidan. Duwatsun suna nan a jere yadda ya sa su. Tsohon ya tashi da iyalinsa tun tsakiyar yunwar, ba a san inda ya nufa ba. Wata mata ta ce min kafin ya tafi ya sayar da itatuwan, ya sayi abinci. Na ce wa ya saya? Ta ce: "Kai ma ka san wa ke da kuɗi a shekarar nan."

Ban taɓa riƙe tsohon a zuciya ba. Jikoki gare shi, kuma shi ne ya ce in karɓa. Ban je Damagaram na duba rufin kowa ba, ko da yake na sha zuwa garin, kuma an nuna min unguwar. In na ɗaga kai na ga sara uku, ban san abin da zan yi ba. In ban gani ba ma, ban san abin da zan yi ba.

Da abubuwa suka ɗan daidaita, bayan shekara uku, na tara abin da zai sayi kwanon rufi. Na je na gaya mata. Tana kaɗi, ba ta ɗago ba. Ta ce: "Bar shi. Mai ginin ya san abin da ya ce zai rufe da shi." Na sake tayar da maganar sau biyu, ta ƙarshe na ce zan nemo azarar giginya ko daga ina. Ta ce: "Ba su ba ne." Ta ƙara shekara shida a ɗakinta na ciyawa, a nan ta cika.

Mutane suna cewa fushi yana tsufa tare da mai shi. Nawa bai tsufa ba, wuri ya sake. Da farko duk a kan Alhajin yake. Ya daɗe da rasuwa, na ji labari, na ce Allah ya jiƙansa da bakina, zuciyata ba ta ce amin ba, kuma ina neman gafarar wannan. Ba abin da zai rasa ranar. Iska ce kawai a saman buhunansa, ita ya hana. Shofer ɗin ma ina da magana da shi. Amma yawancin fushin yanzu a kan wani yaro ne ɗan shekara ashirin da biyu, wanda ya raina igiyar yayansa, sannan da matar da ta sha kunu don itatuwan ta ce ya karɓi sha huɗu, ya ga rantsuwarsa ta fi. Ba shi ya tara su ba. Ba shi zai kwana ƙarƙashinsu ba. Ba shi da hurumin yin zuciya da su.

Yanzu in jikokina za su tashi daga wani gari zuwa wani, suna waya da masu mota suna cinikin wuri, sai in ce a ba ni in ji. Ba na tambayar kaya nawa ne. Nakan ce, mene ne ya fi tsawo a ciki? Ku auna shi tukuna, ku je da ma'aunin wurin motar, ku shimfiɗa da hannunku. Sukan yi dariya su ce Baba ya fara. Ina barinsu su yi.

'Yar yayana, wadda aka goyo ranar, yau ita ma kaka ce. Ta taɓa tambayata me ya sa duk bazara nake sa a yaɓe kan bangon nan, ba mai kwana ciki, ba a ajiye kome. Na ce ubanki ne ya gina. Ban gaya mata sauran ba, sai dai in wani ya karanta mata wannan.

Igiyar kaban ta ruɓe tuntuni. Kafin ta ƙarasa na auna wata da ita, na ɗaura ƙulli biyu, na rataye a tsinken. Bangon huɗu suna tsaye. Ɗakin har yau ba a rufe shi ba.